KWANA BIYU A SHAFA LOKACIN TSINKAR WARDI

Jama'a, ko wace ƙasa Allah ya ba ta lokacin da ta ke girbe abin da ta shuka, mutanenta su yi murna. A ƙasar kakanninmu lokacin nan shi ne kaka, sa'ad da gero ya shiga rumbu, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito dandali, makaɗa su bi gari gari. Mu kuwa a nan Jidda ba mu da damina balle kaka, sai zafi da iskar teku, har yaranmu sun tashi suna tsammani a kanti abinci ya ke tsirowa. Amma kusa da mu, can bisa duwatsun Ɗa'ifa, akwai mutanen da har yanzu gona ce ke juya shekararsu, abin da su ke girbi kuwa fure ne. Daga watan Maris zuwa Afrilu su ke tsinkar wardi, kwana 35 zuwa 45, kuma cikin waɗannan kwanaki ƙauyukan Hada da Shafa ba su rabuwa da baƙi da shagali. Waɗansu daga cikinmu suka haɗa kuɗin mota, dattawa da mata da samari da yara, muka tafi muka yi Jumma'a da Asabar a Shafa. Ga labarin abin da muka gani, sa'an nan ga wata shawara da muka komo da ita, wadda mu ke so jama'a ta duba da idon basira.

HANYAR HADA

Tun shekarar 2013 da aka mai da hutun mako Jumma'a da Asabar, maimakon Alhamis da Jumma'a, wanda ya ke so ya riski tsinkar safiyar Jumma'a tilas ya tashi ran Alhamis da la'asar. Haka muka yi. Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa kimanin kilomita 170 ne in an bi ta Makka. Muka wuce Bahra, muka ratsa gefen Makka, muka bar Arfa a baya, har muka kai Kar, watau gindin dutse. Daga nan hanya ta fara hawa.

Wanda bai taɓa hawan Hada ba, kome aka gaya masa ba zai gane ba sai ya hau. An sassaƙe hanyar ne a jikin dutse, tana naɗewa kamar rawani, in ka duba ta taga sai ka hangi motocin da ke bayanka can ƙasa kamar tururuwa, kunnuwanka kuwa su toshe. A shekarar 1965 aka buɗe ta, zamanin Sarki Faisal. Kafin nan mai mota sai ya zaga ta Sail, masu jakuna da raƙuma kuma su bi wata tsohuwar turba da aka shimfiɗa da duwatsu, wadda sauranta yana nan har yau. Wani dattijo cikinmu ya ce mahaifinsa ya sha bin turban nan a ƙasa da kaya a ka, tafiyar da mu muka yi a zaune muna cin dabino.

A kan katangar bakin hanya gwaggon biri ne jere, manya da ƙanana, suna jiran abin da za a jefa musu. Yara suka yi ta ihu a tsaya. Direba ya ƙi, ya kuwa yi daidai, domin birin Hada ya saba da mutane har ya raina su, in ka buɗe taga shi zai zaɓi abin da zai ɗauka. Mu ke gargaɗin duk mai niyyar zuwa da iyali ya kiyaye wannan.

Ɗa'ifa tana bisa teku da kusan mita 1,800, shi ya sa tun da daɗewa masu hali na Makka da Jidda su kan gudu can da bazara. A da sarakuna ma can su kan koma da aikin mulki lokacin zafi, a can kuma Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Shafa tana gaba da Ɗa'ifa da kimanin kilomita 25, ta kuma fi ta tudu, ta haura mita 2,000. Mun bar Jidda ana sharɓar gumi, muka isa Shafa bayan lisha ana neman bargo. Gidan da muka kama haya, irin wanda a ke kira istiraha, ɗaki biyu ne da tsakar gida, mata da yara ɗaya, maza ɗaya. Sanyi ya hana hira, kowa ya duƙunƙune.

TSINKA DA ASUBA

Ana sallame sallar asuba mai gonar da ya yarda ya karɓe mu ya aiko ɗansa ya yi mana jagora. Gonakin Shafa hawa hawa su ke a jikin dutse, ko wane hawa an tokare shi da katangar duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Aikin kakanni ne, jikoki ke gyarawa. Gari bai gama wayewa ba, gajimare ya sauko har yana shafar itatuwan nan da Larabawa ke kira ar'ar, amma tun kafin mu ga gonar hancinmu ya gaya mana mun iso.

Mai gona ya tarye mu a bakin shinge. Ya kama hannun babbanmu da hannu biyu, yana kiransa ammi, watau baffa, sa'an nan ya ɗebo fure cikin kwando ya watsa a gabanmu, ya watsa wa yara a ka. Wannan al'adarsu ce ta marabtar baƙo lokacin wardi. Tsofaffin matanmu suka yi ta sa albarka.

Itacen wardi bai fi tsawon ƙirjin mutum ba, duk jikinsa ƙaya. Furen ruwan hoda ne, bai cika girma ba, ko wane ɗaya ganyensa talatin. Danginsa ɗaya da wardin Dimashƙa wanda a ke nomawa a Turkiyya da Iran da Bulgeriya, amma mutanen Ɗa'ifa sun ce nasu ya fi ƙanshi sabo da sanyi da ƙasar dutse, mu kuwa baƙi ne, ba mu yi musu ba. Sau ɗaya ya ke fure a shekara. Tun daga Disamba zuwa Fabrairu a ke zuba masa taki, a datse rassansa, a yi ta ban ruwa daga rijiya, duk domin kwanakin nan kaɗan. Furen da asuba ya ke buɗewa, kuma tilas a tsinke shi kafin rana ta yi zafi, don in ta buge shi man da ke cikinsa sai ya bi iska. Wanda aka bari yau ya tafi ke nan, gobe waɗansu ne za su buɗe. Sabo da haka tun da aka fara har a gama babu ranar hutu, ba Jumma'a ba Asabar.

Nan ne mu ke so jama'a ta lura. Da ya ke aikin ba ya jira, kowa sai ya fito. Mun ga tsoho da sanda yana nuna layin da aka tsallake, mun ga 'ya'yansa waɗanda ke aikin ofis a Ɗa'ifa da Riyad sun ɗauki hutu sun zo, mun ga jikoki da ƙananan kwanduna, ga kuma leburori 'yan ƙasashen waje da aka ɗauka don hannu ya yi yawa. Ana tsinka ana waƙa ana ba'a. Wata gyatuma cikinmu ta tsaya ta dube su, ta ce, "Ai wannan gayya ce." Samarinmu suka tambaya mene ne gayya, ta ce musu a ƙasar Hausa in aikin gona ya fi ƙarfin mutum sai ya gayyato maƙwabta, su taru da fartanyoyi su gama masa rana ɗaya, shi kuwa ya ciyar da su, gobe kuma a tafi ta wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aka ba mu kwanduna muka shiga. Ba a jima ba wata yarinya ta ƙwalla ƙara, ta zo wurin kakarta da yatsa a baki, tana ba da labari da Larabci. Tsohuwa ta ce, "Ƙaya ce, 'yar nan. Ce ƙaya." Yarinya ta ce ƙaya. Daga nan wasa ya tashi. Kome yara suka taɓa sai su rugo, "Kaka, wannan fa?" Ta ce raɓa. "Baba, wannan fa?" Ya ce taki, ya ce lauje, ya ce rijiya. Kafin hantsi yaran da a gida ba su amsa gaisuwa da Hausa sun kama kalmomi fiye da goma, suna ta maimaitawa suna dariya. Ba wanda ya zaunar da su, ba wanda ya ɗauko bulala. Abin yana hannunsu ne, sunansa ya bi shi.

GIDAN TUKWANE

Da rana ta ɗaga aka ɗaure buhuna aka nufi gidan da a ke dafa fure. Manomin da ba shi da tukwane nasa ya kan sayar wa mai su, da dubu dubu a ke cinikin, ana aunawa a ma'auni. Aka zube furen a ƙasa, tsibi guda har gwiwa, yara suka nemi su faɗa ciki.

Tukwanen na jan ƙarfe ne, manya, an jera su an gine su cikin murhu. A kan zuba fure da ruwa, a kife da murfi mai kama da malafa, a liƙe bakin don kada tururi ya tsere. Daga murfin wani bututu ya fito, ya ratsa cikin kwatamin ruwan sanyi, ya ɓullo waje. In wuta ta kama, da can ta itace yanzu ta gas, tururi ya tashi da ƙanshin, ya bi bututu, sanyi ya mai da shi ruwa, ya riƙa ɗiga cikin wata babbar kwalba mai ƙunƙuntar wuya. Awoyi a ke yi ana jira. Ruwan da ya fara zuba shi ya fi ƙarfi, suna kiransa arusa, watau amarya. Na biyu sinu, na ƙarshe sa'ir, ko wanne da kuɗinsa. Man kuwa shi ke tasowa ya kwanta a wuyan kwalba, siriri ƙwarai, a sa sirinji a zuƙe shi a hankali. Tuƙar furen da ta saura a tukunya a mai da ita gona ta zama taki.

Da tola a ke sayar da man, tola kuwa ba ta cika giram 12 ba. Kafin a sami tola guda sai an dafa fure fiye da 10,000, shi ya sa kuɗinta ya kan haura riyal 1,000. Da muka ji haka kowa ya dubi ɗan kwandon da ya cika da fama, ya yi shiru. A ƙasar Ɗa'ifa gonakin wardi sun fi 800, furen da a ke tsinka a shekara ya fi miliyan 300, duk da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Masu tarihi sun ce shekaru kamar ɗari biyu da suka wuce ba a nan a ke dafawa ba. A kan ɗura furen cikin buhuna, a aza wa raƙuma, a gangara da shi Makka wurin waɗansu masu haɗa turare mutanen Hindu. Daga baya aka ga furen yana shan wuya a hanya, sai aka hau da tukwanen kusa da gona. Ruwan wardi ana sa shi a shayi da alewa, ana yayyafa wa baƙi. Amma abin da mutanen nan suka fi alfahari da shi, shi ne wankin Ka'aba da a kan yi cikin watan Muharram, inda a ke gauraya ruwan Zamzam da ruwan wardi, a shafe bangon ɗakin Allah da turare, har da man wardin Ɗa'ifa. Mai tukwanen da ya faɗa mana haka sai da muryarsa ta yi rawa.

Matanmu sun fi kowa daɗewa a gidan nan. Su da suka gaji haɗa humra da turaren wuta daga iyayensu, suka tsare mutumin da tambaya, shi ma ya tsare su da tasa, yana so ya san abin da su ke jiƙawa da kwanakin da su ke bari ya tsumu. Gwani ya ga gwani.

KASUWA DA WASAN DARE

Muka yi sallar Jumma'a a masallacin ƙauye, ya cika har waje sabo da baƙi. Bayan an sauko mai gona ya rantse sai mun ci abincinsa. Aka kawo saliƙ, shinkafa ce da a ke dafawa cikin romon nama da madara har ta yi laushi kamar fate, a ɗora naman a bisa, a zuba man shanu. Mu ma ba mu je hannu rabbana ba. Akwai mai tsire cikinmu wanda ya taho da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa, ya sa aka yanka rago, ya ce da dare nasa ne.

Da la'asar bakin hanya ya zama kasuwa. Ga zumar dutse, ga man shanu, ga ruwan wardi kwalba kwalba, ga fure da aka shirya a zare ana sa wa yara a ka da wuya. Tsofaffin mata na ƙauyen su ke zaune bayan kayansu, ba a taya musu da wasa. Ruman da inabi da ɓaure, waɗanda aka san Ɗa'ifa da su, ba mu same su ba, sai bazara ta yi nisa su ke nuna. Motoci kuwa daga Makka da Jidda da Riyad sun cika ko ina, har mutum ya rasa wurin aje ƙafa.

Muka yi sa'a akwai ɗaurin aure a ƙauyen daren nan, aka gayyace mu. Mutanen Shafa galibinsu Banu Sufyan ne, reshen ƙabilar Saƙif, wasansu kuwa shi ne majrur. Maza su kan yi sahu biyu suna fuskantar juna, cikin fararen riguna masu faɗin gindi, ko wanne da tambarinsa na hannu, wannan sahu ya rera wancan ya amsa, ɗaya ya fito tsakiya ya juya har rigarsa ta buɗe kamar laima. Bayansa aka yi ta'ashir. Shi kuma saurayi ne zai fito da bindigar toka, ya daka tsalle sama, yana cikin iska ya harba ƙasa, wuta da hayaƙi su tashi ƙarƙashin ƙafafunsa. Dattawanmu suka ce sai ka ce 'yan bindigan Sarki ran hawan Salla. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne yaro ɗan shekara goma yana cikin sahu kusa da kakansa, bakinsa yana bin waƙar ba ya tuntuɓe.

Mai tsirenmu ya kafa tukubarsa a gefe, hayaƙi ya tashi. Masu gida suka shaƙa suka ce, "Sire!" Haka mutanen Hijaz ke kiransa, sun san shi sarai a Makka da Jidda, ko da ya ke da yawansu ba su san sunan daga bakin kakanninmu ya fito ba. Kafin a ce kwabo tire ya koma wayam.

Sai wani dattijonsu ya ce, tun da ya ke mutanen Jidda ne ku, ku yi mana mizmar. Aka nemo sanduna, aka yi sahu, aka fara tafi. Samarinmu sun iya juya sanda, babu laifi. Amma da aka zo ga zomal, watau waƙar da a ke bayarwa ana amsawa, mutum uku kaɗai suka iya ja, dukansu kuwa sun ba saba'in baya. Suka ja iyakar numfashinsu, masu gida suka yaba, aka tashi lafiya. A hanyar komawa masauki ba wanda ya ce uffan.

ASABAR A ƊA'IFA

Da safe waɗansu suka koma gona, sauran muka shiga birni. Tun 2005 a ke yin babban bikin wardi a Ɗa'ifa, an kuma sha yin shi a lambun Rudaf, inda a kan shimfiɗa furanni a ƙasa kamar darduma, a kafa rumfuna, masu turare su baje kayansu. Abin kallo ne, yana kuma kawo wa manoma ciniki. Amma wanda ya kwana a Shafa ya san inda gindin abin ya ke. Da za a daina fita gona da asuba, da rumfunan nan ba su ƙara shekara ba.

Manoman ma suna da nasu kukan. Ruwan rijiya ba kullum ya ke isa ba, gidajen haya na masu shan iska suna cin wurin noma, samari kuma aikin albashi ya fi musu sauƙi. Duk da haka suna riƙe, don ko wane gida ya ɗauki kwanakin nan arba'in tamkar bashi ne a wuyansa.

Muka yi azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a garin nan shekara ta 68 bayan Hijira. Muka kai yara wurin da a ke dangantawa da Addas, bawan nan mutumin Ninawa da ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inabi a ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi. Da muka juyo, muka tsaya Wadi Muhrim, miƙatin masu gangarowa ta Hada, waɗanda suka yi niyya suka ɗaura harami, muka yi umra, muka iso Jidda cikin dare motar tana ƙanshi.

ABIN DA YA SHAFE MU

To, 'yan'uwa, ga inda maganar ta nufa. Kakanninmu a ƙasa suka zo. Sun bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, waɗansu shekara da shekaru, har Sawakin, suka haye Bahar Maliya a jiragen iska. Da yawa sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Waɗanda suka zauna Jidda suka kafa bukkokinsu a Nakatu, bayan ganuwa. Aka rushe ganuwar a 1947, birni ya faɗaɗa, jama'armu ta bazu cikin Hindawiyya da Sabil da Karantina da Gulail da maƙwabtansu. Ba su da gona a nan, amma suna da unguwa, ita ce ta tsaya musu a matsayin gona. A lungu yaro ke jin Hausa, a gidan biki ya ke ganin yadda a ke tuƙa tuwon mutum ɗari, a fili ya ke tsayawa bayan manya har zomal ya shiga kunnensa.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe waɗannan unguwanni cikin aikin sake fasalin birni. Jama'a ta watsu, wani arewa wani gabas, wani ya koma Makka. Maƙwabcin shekara arba'in yanzu sai a waya. Mu kan haɗu wajen jana'iza, mu gaisa a tsaye, kowa ya nemi motarsa. Abin da unguwa ta ke koya wa yaro ba tare da kowa ya sani ba, yanzu in ba a yi niyya ba, ba mai koya masa.

Duniya ba ta raina abin da mu ke da shi ba. A 2016, a taron da hukumar UNESCO ta yi a Adis Ababa, an rubuta mizmar cikin al'adun da 'yan Adam suka gada, a zama guda da bikin kamun kifi na Argungu. A Disamba 2024 kuma, a Faraguwai, aka rubuta al'adun wardin Ɗa'ifa a zama guda da hawan Sallar Kano. Ku duba, sau biyu ƙasar da muka fito da ƙasar da mu ke zaune suna shiga littafi ɗaya a zama ɗaya, mu ne kuwa a tsakiya. Amma takarda ba ta rera waƙa. Bikin Argungu ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin aka tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi. Ya taɓa yin shekara goma ba a yi shi ba, aka komo da shi a 2020, kuma abin da ya sa ya tashi shi ne masunta suna nan da homarsu da gorarsu, ba su bar su ba. Mu fa, in mutanen nan uku suka kau, wa zai tashe namu?

Shawararmu ita ce mu ma mu yi wa kanmu kaka. Sau ɗaya a shekara, Jumma'a da Asabar, a nemi izni yadda doka ta tanada, a kama wuri mai fili a bayan gari, ko wane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Kada a kira mai dafa abinci na haya, kada a jera kujeru a yi ta jawabi. A yi gayya. Mata su zo da gyaɗa a soya a matse ƙuli-ƙuli a gaban 'yan mata, a daka yaji, a dama fura, a haɗa turaren wuta. Masu tsire su ba samari wuƙa da tsinke. Tsofaffin da suka san zomal a zaunar da su a inuwa, a kewaye su da yara, a ɗauki muryarsu a aje. Ko wane dattijo ya faɗi garin da kakansa ya fito da hanyar da ya biyo, jikansa ya rubuta. Sharaɗi ɗaya ne, duk gidan da zai zo ya zo da yaro, duk yaron da ya zo a ba shi aiki a hannu, a gaya masa sunan abin da Hausa.

Mun san za a ce kuɗi, za a ce nisa, za a ce wa zai shugabanta. Mutanen Shafa ma suna da uzurori irin waɗannan, amma fure ba ya jiransu, shi ya sa su ke fita. Namu tsofaffin ma ba za su jira ba. Da zafi zafi a kan bugi ƙarfe. Mu ke roƙon dattawa su zauna a kan maganar nan kafin watan Maris mai zuwa, wanda ke da ra'ayi kuma, na goyon baya ko na gyara, ya aiko mana mu buga kowa ya gani. Masu son zuwa Shafa baɗi su fara tanadi tun yanzu, su tuna da bargo.

Allah ya saka wa waɗanda suka karɓe mu da alheri, ya sa albarka a gonakinsu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haɗa kanmu, ya shirya mana zuriya. Wassalam.